Bin Salsalar Yaron Da Yaƙi Ya Raba Da Gida: Misali Daga Birnin Kano

Gabatarwa

A al'adar Hausawa, in za a ba mutum aure, ko sarauta, ko wata babbar amana, tambayar da manya kan fara yi ita ce, “Ɗan gidan wane ne?” Amsar wannan tambaya ba ta da wuya ga wanda aka yanke masa cibiya a gidan da aka yanke ta ubansa da ta kakansa. Amma fa akwai gidaje a cikin birnin Kano, da sauran manyan garuruwan ƙasar Hausa, waɗanda in aka shiga lissafa iyaye da kakanni sai lissafin ya tsaya cik a kan mutum guda, a ce, “Shi dai an zo da shi yana yaro, zamanin yaƙi.” Daga nan babu sauran bayani. Ba a faɗi garin da aka ɗauko shi ba, ba a faɗi sunan mahaifinsa ba, wani lokaci ma sunan da aka san shi da shi ba shi ne na yanka ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda mai bincike zai bi sawun irin wannan yaro, da irin shaidun da zai dogara da su, da kuma inda kowace shaida take da rauni. Za a ɗauki labarin Dorugu a matsayin misali, domin shi yaro ne da hari ya raba da gida, ya kuma ba da labarinsa da bakinsa, sa'an nan ya ƙare rayuwarsa a Kano. Bayan haka za a duba gudummawar kundayen alƙalai, waɗanda tarihinsu ke haɗe da na unguwar Shahuci. Abin da ake son a nuna shi ne, shaida guda ba ta isar mai wannan aiki. Abin da yaro ya riƙe a ka shi ke nuna hanya, takarda kuwa ita ke tabbatarwa ko ta ƙaryata, kuma sai an haɗa su biyun ake samun abin da za a tsaya a kai.

Hanyoyin Da Yaƙi Ke Raba Yaro Da Gida

Kafin a fara neman dangin yaro, wajibi ne a san ta yadda ya bar gida, domin kowace hanya da irin sawun da take bari. A tarihin Kano ana iya kasa hanyoyin gida uku.

Ta farko ita ce kamu. Babban misalinta shi ne Yaƙin Basasa. Bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi mubaya'a, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Da Yusufu ya rasu a Garko sai Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. A tsakanin waɗannan shekaru an ci garuruwa da yawa na ƙasar Kano, an kama mata da yara, 'ya'yan Musulmi masu 'yanci, an sayar. Wanda danginsa ke da hali sukan bi shi su fanso. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama mutanen gidansu, aka yi ta bin sawu har aka biya fansa. Wanda ba a gano inda aka kai shi ba kuwa, shi ke nan ya zama ɗan wani gari.

Hanya ta biyu ita ce gudu da yaro don a tsirar da shi. Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na shekarar. Jama'a masu ɗimbin yawa, har da Kanawa, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas da matansu da 'ya'yansu. Bayan an kashe shi a Burmi a watan Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka saura har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sannar. A irin wannan tafiya iyaye kan mutu a hanya, yaro ya ci gaba da ayari a hannun wanda ya ji tausayinsa.

Ta uku ita ce riƙo. In gari ya rikice, uba kan danƙa ɗansa ga wani malami, ko falke, ko ɗan'uwa na nesa, da niyyar in ƙura ta lafa a komo da shi. In ajali ya riga, sai yaro ya tashi yana kiran mariƙinsa uba, jama'a ma su riƙa danganta shi da shi, har 'ya'yansa su gaji wannan danganta ba tare da sun san akwai wata ba.

Wannan al'amari bai ɓoyu ga marubutan Hausa ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, an gina shi ne a kan yaron da aka sace da uwar da ta bi shi nema har ƙetaren Sahara.

Bambanci Da Abin Da Ya Faru A Wasu Ƙasashe

Raba yara da iyaye saboda yaƙi ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba. A farkon watan Satumba na 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, gwamnatin Ingila ta kwashe kusan mutum 1,500,000, akasarinsu yara, daga manyan birane zuwa ƙauyuka don gudun bama-bamai. Kowane yaro an maƙala masa 'yar takarda a riga mai ɗauke da sunansa da na makarantarsa. Haka nan a lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, an kwashe dubban yara daga yankin Biyafara a jirgin sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa, aka dawo da su bayan yaƙi. A waɗannan wurare hukuma ce ko ƙungiyar agaji ta yi kwasar, saboda haka jikan da ke neman asali yau yana da rajistar makaranta, ko ta asibiti, ko ta ƙungiya, da zai fara da ita.

Yaron ƙasar Hausa na ƙarni na 19 ba wanda ya rataya masa takarda. Abin da ya fita da shi daga gida shi ne abin da ke kansa, da abin da ke bakinsa, da abin da wanzami ya zana masa a fuska. Don haka mai bincike a nan yana farawa ne daga inda takwaransa na Turai ke ƙarewa, wato daga bakin mutane, sa'an nan ya nemi takarda.

Labarin Dorugu

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani gari da ake kira Dambanas, kusa da Kance, a yankin Damagaram. Yana ɗan shekara goma da 'yan kai aka kama shi a wani hari irin wanda aka saba kai wa ƙauyukan yankin a wancan zamani, aka kai shi Zindar, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno. A can ya faɗa hannun wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib, shi ne ya 'yanta shi tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran biyu suka koma hidimar abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Suka bi shi ta Zindar da Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu a 1853, suka komo ta Kano a 1854, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a watan Satumba na 1855.

A Ingila Dorugu ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, mai nazarin harshen Hausa. Shi ya riƙa shifta masa labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, waɗanda daga baya suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo ƙasar nan a 1864, ya yi aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, ya rasu a Kano a 1912. A 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin nasa zuwa Turanci, suka yi masa sharhi.

Abin da ya sa wannan labari ke da daraja ga mai bin salsala shi ne, yana nuna irin kayan da yaro ke iya ɗauka a ka. Bayan shekaru da barin gida, a wata ƙasa mai nisa, Dorugu ya iya faɗin sunan garinsu, da babban garin da ke kusa da shi, da sunan ubansa Kwage, da na uwarsa Kande, da sana'ar uban, wato kiɗa da noma, da kuma garuruwan da aka bi da shi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan abubuwa biyar, gari da maƙwabcinsa da sunayen iyaye da sana'a da hanya, su ne ginshiƙan kowane bincike irin wannan.

Har ila yau labarin yana nuna wahalar takardu. Barth ya rubuta sunan yaron Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu, a takardun mishan kuma ana samun sa da sunan James Henry. Garin Kance a rubutun Faransanci Kantché ne. Daɗin daɗawa, iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta jefa mahaifarsa cikin Nijar, alhali makwancinsa yana Kano. Ke nan labarin mutum guda ya warwatsu tsakanin Nijeriya da Nijar da Ingila da Jamus, ƙarƙashin sunaye uku. Wanda ya nemi suna ɗaya a ma'ajiya ɗaya zai ɗauka babu kome.

Shaidun Baka Da Na Jiki

Ba kowane yaro ne ya sami wanda zai rubuta masa labari ba. Galibi abin da mai bincike zai tarar shi ne guntayen maganganu a bakin 'ya'ya da jikoki, musamman tsofaffin mata, waɗanda su ne ma'ajiyar labarin aure da haihuwa da goyo a kowane gida. Ga abubuwan da ya kamata ya tambaya.

Na farko, suna. A nan akwai tarko, domin alkunya ta hana mace faɗin sunan mijinta, ta hana iyaye faɗin sunan ɗan fari. Yaro ƙarami yakan tashi yana jin ana ce wa ubansa Malam ko Maigida, bai taɓa jin sunansa na yanka ba. Amma laƙabi ma yana da amfaninsa. Alal misali, Kande suna ne da akan ba macen da aka haifa bayan maza, kamar yadda Tanko yake na namijin da ya biyo mata. Saboda haka sunan mahaifiyar Dorugu kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya yi tsammanin tana da yayye maza, ya kuma nemi zuriyar kawunnai a yankin. Haka kuma in aka tarar kaka yana da suna irin su Nasamu ko Allah-bar-Sarki, alama ce cewa ubangida ne ya raɗa masa, akwai wani suna a ƙarƙashi.

Na biyu, tsaga. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da Katsinawa da Barebari kowa da irin askarsa, kuma tsofaffin wanzamai sun san su sarai. Sai dai tsaga tana nuna jama'a ne, ba ta nuna gida. Ban da haka ana iya ƙara wa yaro wata a inda aka kai shi, kamar uku-uku da aka san bayin Sarkin Kano da ita. Dole a tambaya wace ya zo da ita, wace aka yi masa daga baya.

Na uku, karin harshe. In jikoki suka tuna kakansu yana cewa “ɗiya” maimakon “'ya”, ko “shina” maimakon “yana”, ko “hwara” maimakon “fara”, to, an san daga yamma ko arewa ya fito. Nan ne ɗalibin Hausa ya fi ɗalibin tarihi makami.

Na huɗu, sana'a da wasan barkwanci. Kiɗa da ƙira da wanzanci da jima da fawa sana'o'in gado ne, kuma masu su sun san junansu daga gari zuwa gari. Wasan da tsoho ke yi da wata jama'a shi ma yana tona asali, tun da an san Fulani da Barebari abokan wasa ne, haka Kanawa da Zazzagawa, haka Gobirawa da Yarabawa.

Na biyar, unguwar da aka fara sauke shi. Baƙo a Kano yakan sauka wajen mutanen ƙasarsu, shi ya sa sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi suke ɗauke da tarihi.

Game da shekaru kuwa, tsofaffi ba su lissafi da lambobi, sai da aukuwa. Mai bincike ya riƙe 'yan ma'aunai a ka: Basasa daga 1893 zuwa 1895, zuwan Turawa 1903, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, yunwar Kakalaba 1914, annobar mura 1918. In aka ce kaka ya yi auren fari shekarar Kakalaba, an sami abin da za a auna haihuwarsa da shi, a ga ko ta dace da yaƙin da ake cewa shi ya kawo shi.

Shahuci Da Kundayen Alƙalai

Duk abin da aka tara daga baka yana bukatar abin gwadawa, kuma a Kano mafi ƙarfin abin gwadawa shi ne kundin alƙali. Tun zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ake rubuta shari'o'in majalisar Sarki da Larabci, har wani masani, Allan Christelow, ya fassara wani sashe na kundayen 1913 da 1914 aka buga a 1994. Da aikin kotuna ya yawaita, sai bukatar horarrun alƙalai da muhutai da marubuta ta taso. Wannan ya sa aka buɗe makarantar shari'a a unguwar Shahuci, cikin birni, a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1934 aka ƙara da Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Ɗaliban waɗannan makarantu su ne suka riƙe alƙalami a kotunan birni da na gundumomi shekaru da dama, don haka mai neman asalin kakansa a yau, ko ya sani ko bai sani ba, rubutun hannun irin waɗannan malamai yake nema.

Dalilin da ya sa kundin alƙali ya fi sauran takardu amfani yana cikin shari'ar kanta. Alƙalan Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, madogararsu littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, kuma akwai hukunce-hukunce uku a ciki da suka shafi wannan batu kai tsaye.

Na ɗaya, rabon gado. Ba a raba dukiyar mamaci sai an lissafa magada ɗaya ɗaya, an faɗi dangantakar kowa da shi, shaidu sun tabbatar. Shari'ar gado guda tana iya ba da sunayen mata da 'ya'ya da 'yan'uwa a shafi ɗaya. Kuma a nan ne ɗan riƙo ke bayyana, domin riƙo ba ya sa gado. In aka ga wanda gida ke kira ɗa ba ya cikin magada, ko an ba shi wani abu ta hanyar wasiyya, to, an gane matsayinsa.

Na biyu, hukuncin wanda ya ɓace. A mazhabar Malikiyya ba a raba dukiyar wanda ya ɓata sai shekarunsa sun kai inda galibi ba a wucewa, wanda mashahurin zance ya sa shekara 70. Saboda haka in ɗa ya ɓata a yaƙi, akan ambace shi wajen rabon gadon ubansa, a ajiye rabonsa. Wannan yana nufin sunan yaron yana iya kasancewa a kundin garin da ya bari, ko da babu shi a na garin da ya zauna.

Na uku, tabbatar da nasaba. Uba ne ke da ikon ya yi iƙirarin cewa wanda ba a san nasabarsa ba ɗansa ne, kuma shari'a ta karɓi shaidar ji a kan nasaba, wato amintattu su ce sun daɗe suna ji a bakin jama'a cewa wane ɗan wane ne. Ashe ke nan shari'a da kanta ta ba maganar baka matsayi, amma da sharaɗin ta yaɗu, ta kuma fito daga amintattu. Wannan ma'auni ne mai kyau ga mai bincike.

Bayan waɗannan akwai takardun 'yanta bayi. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. A tsakanin nan mutane da yawa sun sami 'yanci a gaban alƙali ta hanyar murgu ko fansa, aka rubuta sunan wanda aka fansa da na wanda ya fanshe shi. Yaran da aka ƙwace daga hannun masu fataucin bayi kuwa an tara wasunsu a gidajen 'yantattu na Zungeru da Barno, daga baya aka mayar da su hannun mishan a Rumasha a 1909, kuma rajistar tana nuna suna da shekaru da ƙabila. Ana neman irin waɗannan takardu a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, wato gidan mutumin da Dorugu ya yi wa aiki.

Amma kundi ma yana da nasa rauni. Gado da yawa a zaure ake raba shi, malamin unguwa ya yi lissafi, ba a je kotu ba. Rubutun Larabci ba ya rarrabe wasu sautukan Hausa, sai a karanta suna ɗaya ta fuska biyu. Kuma wanda ya zo fansar mace ya ce shi ɗan'uwanta ne, wani lokaci mai neman aurenta ne.

Bin Zuriya Ƙasa: Abbega Da Maimaina

Wani lokaci hanyar sama takan toshe, ta ƙasa ta buɗe. Abbega, abokin Dorugu, ya komo daga Ingila a 1857, ya zauna Lakwaja har ya zama sarkin garin. Jikansa ta wajen uwa, Maimaina, ya tashi a hannunsa, ya yi wa Turawa aikin tafinta a lokacin da suke cin ƙasar Arewa, daga bisani ya zama Sarkin Askira. Ya rubuta tarihin kansa, Labarin Maimaina Na Jega, Sarkin Askira, aka buga a Zariya a 1958. Abin lura shi ne Askira a ƙasar Margi take, wato jikan ya koma ya yi sarauta a ƙasar da aka ɗauko kakansa yana yaro.

Darasin da ke nan shi ne kada mai bincike ya tsaya kan layin maza kaɗai. Salsalar Hausawa ta baka takan bi uba da kaka, ta bar mata, alhali zuriyar Abbega ta fito fili ne ta hanyar 'yarsa. Haka nan wanda ke neman dangin da suka bi hijirar 1903 ya lura da sunayen nasaba irin su Hausawi da Barnawi da Fallata, waɗanda zuriyar mutanen ƙasar nan ke amsawa a Sudan da Hijaz, domin sau da yawa can ne aka adana sunan garin da aka baro.

Amana A Cikin Bincike

Wannan aiki yana taɓa abin da mutane ba su son a taɓa. Har yau kalmar bawa ko bacucane tana iya ɓata neman aure, saboda haka gidaje da yawa sun rufe wannan babi da gangan, wasu ma sun ɗinke wurin da sabuwar salsala mai kai su Barno ko ƙasar Larabawa. Bai kamata mai bincike ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya kurum ba, shi ma tarihi ne, yana nuna abin da aka ji tsoro. Haka kuma bai halatta ya buga sunan gida ba da yardar masu gidan ba. Ya kuma tuna cewa da yawa daga waɗanda aka kama a Basasa 'ya'ya ne, ƙaddarar yaƙi ce ta faɗa musu.

A zamanin nan an sami gwajin ƙwayoyin gado da ake kira DNA, wanda ke iya nuna ko mutum biyu jininsu ɗaya. Gwajin yana da amfani in an riga an sami gidan da ake zato, amma ba ya faɗin sunan kaka, ba ya faɗin garinsu. Sai bincike ya kai ƙofar gida tukuna gwaji zai yi aiki.

Kammalawa

An ga cewa bin salsalar yaron da yaƙi ya raba da gida yana farawa da sanin yadda ya fita, sa'an nan a tattara abin da ya bari a bakin zuriyarsa, a auna shi da aukuwar tarihi, a gwada shi da kundin alƙali da rajista, a kuma bi reshen mata kamar yadda ake bin na maza. Dorugu ya tsira da asalinsa ne domin an tambaye shi tun yana saurayi, aka rubuta.

Wannan ba zancen da ya wuce ba ne. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta bayyana cewa kusan mutum 22,000 aka yi mata rajistar ɓacewarsu a Nijeriya sanadiyyar rikicin arewa maso gabas, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne a lokacin da suka ɓata. A 2015 Gwamnatin Jihar Kano ta karɓi marayu 100 daga Jihar Borno don ta ilmantar da su. Irin waɗannan yara nan da shekara 50 su ne kakannin da za a ce “an zo da su lokacin yaƙi.” Ya kamata duk wanda ke riƙe da irinsu, hukuma ce ko gida, ya rubuta abubuwan nan biyar tun yaro bai manta ba: garinsu, da garin da ke kusa, da sunayen iyaye, da sana'arsu, da hanyar da aka bi da shi. Ɗaliban Sashen Hausa kuma, waɗanda aka koya wa ɗaukar bayani daga bakin tsofaffi da rarrabe karin harshe da karatun ajami, suna da aiki a unguwanninsu, domin tsofaffin da suka ji labarin Basasa da hijira daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu kaɗan suka rage.